Yadda Ake Koya wa Uwar Garke Rubuta Kwanan Wata

Ɗalibai, ku dubi wannan: 04/03/2025. Wace rana ce? Mutumin Nijeriya ko na Ingila zai ce 4 ga Maris. Ba'amurke kuwa zai ce 3 ga Afrilu, gama su wata suke fara rubutawa, sa'an nan rana. Kwana 30 ke nan tsakani. In ranar rufe karɓar takardun neman shiga jami'a ce, wanda ya karanta ta a juye ya yi asarar shekara guda.

Kwamfutar da ke ajiye shafukan intanet, tana aika su ga duk mai nema, ita ake kira uwar garke. Ba ta san ƙasar masu karatunta ba sai an faɗa mata. Abin da ake faɗa mata shi ne tsarin yanki, wato harshe da al'adar rubutu na wata ƙasa. Kowane tsari yana da suna: en_US na Amurka, en_GB na Ingila, fr_FR na Faransa, ha_NG kuma Hausar Nijeriya. Haruffa biyu na fari harshe ne, biyun ƙarshe ƙasa. In ba a zaɓa mata ba, sai ta bi wani tsari mai suna C, wanda Turanci ne, kuma wata yake sawa gaban rana.

A kwamfuta mai aiki da Debian ko Ubuntu, matakan uku ne.

Na ɗaya, ka rubuta locale -a domin ka ga tsare-tsaren da ke ciki.

Na biyu, in wanda kake so ba ya nan, ka buɗe /etc/locale.gen, ka share alamar # da ke gaban sunansa, ka rubuta locale-gen.

Na uku, ka sa sunan a LC_TIME, wanda shi ne mai kula da yadda ake rubuta kwanan wata da lokaci kaɗai. Nan ne da yawa suke tuntuɓe. Sukan gyara nasu sashen, su ga babu abin da ya sāke. Dalili kuwa, Apache, wato manhajar da ke aika shafukan, tana karanta nata umarni daga /etc/apache2/envvars, inda aka rubuta LANG=C. Can za ka gyara, sa'an nan ka tsayar da Apache ka sāke tashe ta.

Ku lura da abu biyu. In da PHP aka gina shafin, umarnin date ba ruwansa da tsarin yanki. Tun 2021 kuma, da fitowar PHP 8.1, aka ce a daina dogara ga strftime, a koma ga IntlDateFormatter. Na biyu, tsarin yanki ba ya gyara agogo. Nijeriya tana gaban lokacin GMT da awa ɗaya, wannan kuwa dabam ake saita shi.

Shawarata ita ce, abin da kwamfuta za ta ajiye, a bi ƙa'idar ISO 8601 da aka fara bugawa a 1988: shekara, wata, rana, wato 2025-03-04. Abin da mutum zai karanta kuwa, a rubuta sunan watan a fili.

Aiki: kowa ya rubuta ranar haihuwarsa a tsarin Amurka, da na Nijeriya, da na ISO 8601, ya ba maƙwabcinsa ya karanta.