Ra'ayin Jama'a Game da Wasannin Ban Dariya na Talabijin

Kafin mu tafi hutu, malaminmu na Hausa ya ba mu aiki. Ya ce kowa ya zaɓi wani abu da jama'a ke yawan gardama a kai, ya bi mutane ya ji ta bakinsu, sa'an nan ya rubuto abin da ya fahimta. Ni sai na zaɓi wasannin ban dariya na talabijin, saboda a gidanmu ba a taɓa gama kallon wasa an tashi lami lafiya ba. Wani ya ce ya yi ma'ana, wani ya ce shirme ne. Na yi tambayoyina a Jega inda muke zaune, da Aliero wurin kawuna, da Maiyama wurin goggona.

Da farko ya kamata mu san asalin abin. An kafa hukumar talabijin ta ƙasa, wato NTA, a 1977, lokacin nan garuruwanmu suna cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1991 aka yanke Jihar Kebbi. A wancan zamani tashar Kaduna ta yi suna da wasan Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Karambana na Ƙasimu Yero. Jos tana da Karkuzu, Sakkwato kuma tana da Golobo. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja kuma a 2023, Allah ya jiƙansu. A zamaninmu kuwa, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ita ta kawo Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi a 2019, labarin wani attajiri tsoho mai tarin 'ya'ya, kowa idonsa na kan dukiyar uban.

Na fara da kakana a Jega. Da na ambaci Samanja sai ya gyara zama, ya ce, "Wanga yaro, kai mi ka sani ga wasa?" Ya ce a lokacinsu akwatin talabijin bai wuce a ƙirga a unguwa ba, hotonsa ma baƙi da fari ne. Mai shi yakan fito da shi ƙofar gida bayan sallar isha'i, yara a ƙasa, manya a kan tabarma. Abin da ya fi burge shi da Samanja shi ne, bayan yaƙin basasa da aka gama a 1970 talakawa suna tsoron soja ƙwarai. Sai ga tsohon soja na gaske a cikin akwati, yana Hausar bariki, yana muzurai, amma shi ma ga shi da irin damuwar kowane magidanci. A ganin kakana, dariyar nan ta rage wa mutane tsoro. Wasannin yanzu kuwa, in ji shi, ihu ya yi musu yawa, kuma yaro na mayar wa babba magana ana tafi.

Kawuna na Aliero manomin albasa ne, bai yarda da wannan hukunci ba. Ya ce, "Ɗana, wanda ya yini gona yana ban ruwa ba wa'azi yake nema da dare ba, hutu yake nema." Amma da muka zurfafa sai na ga shi ma ba dariyar kaɗai yake kwasa ba. Ya ce duk lokacin da ya ga 'ya'yan Badamasi suna ƙulla dabarar raba ubansu da kuɗinsa, sai ya tuna gidaje nawa ya sani da zumunci ya watse a kan gonar gado. Har ya ce wasan ne ya sa ya tara 'ya'yansa ya nuna musu iyakokin gonakinsa tun yana da rai.

Goggona ta Maiyama ita ta kawo maganar da ban yi tsammani ba. Ta ce ita ba ta ƙin wasa, amma ta gaji da ganin a yawancin wasanni mace ba ta fitowa sai mafaɗaciya ko mai kwaɗayi. Ta ce, "Ɗan nan, ina matan da ke daka da surfe su biya wa yara kuɗin makaranta? Su ba su iya ba da dariya ba ne?" Na rasa amsar da zan ba ta.

To, a nan ne aikin ya juyo kaina. Akwai wani ɗan ajinmu mai i'ina. A zangon da ya wuce mun ga wani ɗan wasa yana kwaikwayon mai i'ina, muka yi ta dariya, kashegari muka laƙaba wa yaron nan sunan ɗan wasan. Ni ma ina cikin masu yi. Kafin wannan, ko da maganar na yi masa wuya, yakan ɗaga hannu ya amsa tambaya, don yana da ƙoƙari a lissafi. Tun daga ranar bai ƙara ɗaga hannu ba har muka yi jarrabawa. Da na ba kakana labari sai ya yi shiru, can ya ce, "Samanja da kansa yake wasa da kakinsa. Ku kuwa da halittar Allah kuka yi." Wallahi na ji kunya.

Daga waɗannan ra'ayoyi na fitar da ma'auni uku da ɗalibi zai iya auna kowane wasan ban dariya da su.

Na ɗaya, wa ake yi wa dariya? In hali ne, kamar rowa ko kwaɗayi ko ƙarya ko cin hanci, to madalla, domin mai hali yana iya gyarawa. In kuwa nakasa ce, ko talauci, ko harshen wata ƙabila, wannan cin fuska ne. Hausawa suna da wasan taubasai da na kaka da jika, amma shi wannan da yardar juna ake yinsa, kowa yana ramawa.

Na biyu, me ya rage bayan an kashe akwatin? Kawuna ya tashi da tunanin gado. Mu kuwa mun tashi da sunan tsokana.

Na uku, me ka bari ka zauna kallo? Wasan mako-mako yana da jan rai, da an gama kashi ɗaya sai a ƙagara a ga na gaba, yanzu kuma ga shi a wayar hannu ba sai an jira tasha ba. Wanda ya bar bitar darasi ko ya jinkirta salla saboda wasa, shi ne abin dariyar.

Ga iyayenmu kuma ina da roƙo. Hana kallo ba ya magani, don wanda aka hana a gida zai gani a maƙwabta. Gara ku zauna tare da mu, in an gama ku tambaye mu abin da muka gane, kamar yadda kakana ya yi mini.

Ranar da muka dawo hutu na sami ɗan ajin nan namu a bayan aji, na roƙe shi gafara. Ya ce ba kome, amma har yanzu bai fara ɗaga hannu ba. Ina roƙon 'yan ajinmu da suka karanta wannan su bar kiransa da sunan nan. Allah ya sa mu gane, amin.