Bakin Ciniki a Kan Iyaka

Garin Bagudo yana Jihar Kebbi, kusa da kogin Kwara. In mutum ya yi yamma ya bi ta Illo har Lolo, to ya isa iyakar Nijeriya da ƙasar Benin. Da ana kiran ƙasar nan Dahomi, sai a shekarar 1975 aka canja mata suna. Babbar kasuwarta ta arewa ita ce ta Malanbil, inda fatake ke kai albasa da hatsi da kifi.

Yaron da ya fara bin mahaifinsa kasuwar nan zai ji harsuna barkatai. Faransanci shi ne bakin hukuma, amma a rumfa Dandanci aka fi yi. Dandanci kuwa ɗan'uwan Zabarmanci ne na kusa, wanda ya iya ɗaya ba ya ɓacewa a ɗayan.

Gaisuwa ake fara koya, don ba a taya kaya kafin a gai da mai su. Da Zabarmanci, "Fofo" ita ce sannu, ita ce kuma na gode. Da safe akan ce, "Ni kani baani?" wato, ka kwana lafiya? Sai a amsa, "Baani samay," lafiya lau. Bayan haka ne mai saye zai nuna abin da yake so ya ce, "Marje no?" wato, nawa ne? In tayin bai yi wa mai kaya ba, ya ce "Albarka," kamar dai a Hausa.

Inda baƙo ya fi shan wuya shi ne wajen ƙidayar kuɗi. Kuɗin Benin sefa ne, ba naira ba. Zabarmawa da Hausawan Nijar da ke cin kasuwar nan ba su ƙirga sefa ɗaya ɗaya, da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Saboda haka in mai kifi ta ce "Waranka," wato ashirin, ba sefa 20 take nufi ba. Dala ashirin ce, sefa 100 ke nan. Wanda bai san wannan ba sai ya miƙa kuɗi kaɗan a yi masa dariya, ko shi ya sayar da albasar mahaifinsa a bakin da bai gane ba.

To, in ta ce "Waranza," wato talatin, sefa nawa yaron zai ba ta?