Tsibirin Ikko: Abin da Matafiyi daga Kano Ya Kamata Ya Sani

Tsibirin Legas, wanda Hausawa suka daɗe suna kira Ikko, ƙaramar hukuma ce mai cin gashin kanta da faɗinta bai kai murabba'in kilomita 10 ba, amma ƙidayar 2006 ta samu sama da mutum 200,000 a cikinta. Wannan adadi na masu kwana ne kawai, domin da zarar gari ya waye 'yan kasuwa da ma'aikata kan kwararo daga Agege da Mushin da Yaba har tituna su cushe, sannan su watse da magariba. Tsibirin yana kwance ne a bakin tafkin Legas, wato ruwan da ke tsakanin tudu da Tekun Atlantika, kuma mashigin ruwan MacGregor da aka haƙa zamanin Turawa ne ya raba shi da Ikoyi a da.

Mutumin Kano, wanda ya san yadda ƙofofin ganuwa suke tsara shiga da fita a birni, ba zai sha wahalar gane lamarin ba, don gadoji uku ne manyan ƙofofin tsibirin daga tudu: gadar Carter da aka fara ginawa a 1901, wadda ke saukewa a Idumota, da gadar Eko, da kuma gada ta uku mai tsawon kusan kilomita 12 da aka buɗe a 1990. Saboda haka duk shirin matafiyi a kan gadoji yake rataye, kuma hikima ita ce ya ƙetara bayan sallar asuba, ya kama hanyar komawa kafin la'asar sakaliya. Tun 2022 aka hana acaɓa a wannan ƙaramar hukuma, sai dai jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2023 tsakanin Marina da Mile 2 ya rage wa mai zuwa daga yamma wahala.

Mai neman atamfa da leshi kasuwar Balogun zai nufa, wadda ba ta da katanga ko ƙofa, tituna ne kawai da suka sarƙe, don haka ya fi kyau ya tafi da ɗan gari, ya kuma yanke ciniki da ɗan dako kafin a ɗora kaya. Babban masallacin Juma'a yana kan titin Nnamdi Azikiwe, masallacin Shitta-Bey na 1894 kuma yana titin Martins. Sai dai a lura cewa rana kan yi zawali a Ikko kimanin minti 20 bayan Kano, don haka ladan ake bi, ba lokacin da aka saba a gida ba.

Ƙasar tsibirin kwari ce, kuma a watan Yuni, lokacin da damina ta fi ƙarfi, kwatami kan tumbatsa har kan titi, saboda haka takalmin roba ya fi na fata amfani, kayan yadi kuma a naɗe su da leda tun daga shago.