Shin Da Gaske Fafaroma Ya Halatta Auren Jinsi?

Tambaya: Malam, a majalisarmu ana ta musu cewa Fafaroma ya halatta auren jinsi, har wani ya ce wa maƙwabcinmu ɗan Katolika addininsu ya rushe. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Sabon Garin Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, bai halatta ba. Maganar ta samo asali ne daga wata takarda da Fadar Batikan ta fitar ranar 18 ga Disamba 2023, da amincewar marigayi Fafaroma Francis. Abin da ta ce shi ne, idan mutum biyu da ke zaman da coci bai ɗauke shi aure ba, ko 'yan jinsi ɗaya ne, suka tari Fada, wato limamin coci, suna neman ya sa musu albarka, yana iya yi musu gajeriyar addu'a. Amma fa da sharuɗɗa: ba kayan ango da amarya, ba kalmomin ɗaurin aure, ba a haɗa ta da wani biki. Takardar kanta ta nanata cewa aure na namiji da mace ne.

To, ina rigimar? Mutane da yawa, cikin su har manyan malaman cocin, sun ga cewa talaka ba zai tsaya bambance addu'a da amincewa ba. Yana ganin Fada ya ɗaga hannu kan mutum biyu, shi ke nan an ɗaura. Ni ma ina ganin damuwarsu a kan hanya take, tunda ga shi ruɗanin ya iso majalisarku. Bishop-bishop na Najeriya ba su ɓata lokaci ba suka ce ba za a sa wa zaman 'yan jinsi ɗaya albarka a nan ba. A Janairun 2024 kuma Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa ya faɗi haka da yawun ƙungiyar bishop-bishop ta Afirka, bayan ya je Roma sun tattauna da Fafaroman.

Gorin da aka yi wa maƙwabcinku shi ya fi damuna. Cocinsa na koyar da cewa wannan ba aure ba ne, yana kuma hana wulaƙanta masu wannan hali. Kun ɗora masa abin da ko a cocinsa na Zariya ba a yi. Ka samu wanda ya yi furucin, ka karanta masa wannan amsa, ku je tare ku ba mutumin haƙuri.