Wuta a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Can ƙarshen duniya, arewa da kudu, akwai ƙasashen da ƙanƙara take rufe duwatsu shekara duka. Waɗansu duwatsun nan masu aman wuta ne, amma sun yi barci. Kansu fari fat, can ƙarƙashi kuwa narkakken dutse, kamar wutar ƙaiƙayi.

A tsibirin Aisilan akwai wani wanda ya yi shiru tun 1823, har mutane suka saki jiki, suna kiwo a gindinsa. Cikin 2010 sai ya farka. Zafi ya narkar da ƙanƙara, ruwa ya gangaro kamar Kogin Kaduna in ya cika ya batse. Aka kwashe mutum wajen 800. Tokarsa kuwa ta hana jiragen sama tashi a Turai kwana 6.

Mu ma muna da irinsu, sai dai ba ƙanƙara, wato a Panyam da Kerang cikin Filato, da kuma Biu. Masana sukan auna motsin ƙasa kusa da irin duwatsun nan, gama barci ba mutuwa ba ne.

Tambaya: Me ya kawo ambaliyar nan ta 2010?