Ɗaukar Shatar Keke Mai Ƙafa Uku Zuwa Asibiti

Mai gida, idan ciwo ya tsananta ko naƙuda ta taso, sau da yawa keke mai ƙafa uku, watau A Daidaita Sahu, shi ne abin hawa mafi kusa. In ba ka taɓa ɗaukar shatarsa ba, kiyaye waɗannan abubuwa.

1. Nemi direba amintacce tun kafin bukata ta zo. Karɓi lambar wayarsa, ku yanke kuɗin zuwa da komowa.

2. Kafin ku tashi, a gwada birki da fitila, a duba taya da mai.

3. Kujerar baya ta mutum uku ce. Sa majinyaci a tsakiya, mutum biyu su tallafe shi. Kada kowa ya zauna gefen direba.

4. Keken ba shi da ƙofa. Kada hannu ko bakin zane ya fita waje.

5. Lulluɓe majinyaci da mayafi saboda iska da ƙura, musamman da hunturu. Mai ciki ta riƙo katin awonta.

6. Ƙafa uku ba ta kai huɗu tsayuwa ba. Keke yakan kife in ya sha kwana da gudu. Gargaɗi direba ya bi sannu.

Ka tuna, sauri yakan haifi nawa.