Yadda Tauraron Ɗan Adam Ke Hango Hadari a Kan Jidda

Duk wanda ya taɓa sauka Jidda a kan hanyarsa ta zuwa Makka ya san gari ne na zafi, ruwan sama kuwa sai jefi-jefi. Amma ran Laraba, 25 ga Nuwamba, 2009, watau ranar da alhazai ke fita Mina, cikin sa'o'i huɗu aka zuba ruwan da ya fi na shekara guda. Gabas da garin duwatsu ne, saboda haka ruwan ya biyo kwazazzabai ya auka cikin unguwanni. Mutum fiye da 120 suka rasu.

Irin wannan hadari yakan haɗu ne sa'ad da tururin Bahar Maliya mai ɗumi ya hau sama ya gamu da iska mai sanyi daga arewa. To, ƙaƙa masana ke ganinsa tun bai iso ba?

Tun 1960, da Amurka ta harba TIROS-1, ake ɗaukar hoton gizagizai daga sama. Taurarin Turai da a ke kira Meteosat suna can kamar mil 22,000 bisa tsakiyar duniya. Tafiyarsu daidai take da juyawar duniya, don haka kullum fuska ɗaya suke duba, suna aiko da hotuna da yawa kowace sa'a.

Abin mamaki kuwa, ko da dare suna gani, gama akwai na'urar da ke auna zafin da kowane abu ke fitarwa. Iyakar hawan girgije iyakar sanyinsa. In masani ya jera hotuna, ya ga wani tabo yana ƙara sanyi yana kumbura, ya san hadari ne mai tsawa, ya kuma ga inda ya dosa. Sai dai ƙoƙon kan girgijen kaɗai tauraro ke gani. Abin da ke zuba ƙasa sai an haɗa da rada da ma'aunin ruwa.

Ran 24 ga Nuwamba, 2022, aka auna milimita 179 a kudancin Jidda cikin sa'o'i shida, fiye da na 2009 nesa ba kusa ba. Tun kafin gari ya waye aka sanar da rufe makarantu, daga baya aka tare hanyar Makka. An kuma giggina madatsai da magudanai a tsakanin shekarun nan. Mutum biyu suka rasu.